Injin Kawu Yana Cewa Lahiya

Kawu ya rasu bayan azahar, a tsakiyar damina, gero ya fi mutum tsawo a gonakin bayan Sabon Birni. Kafin magariba maza sun kai shi makwancinsa sun dawo. Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, wannan kowa ya sani, amma sani daban, ganin takalmansa a ƙofar ɗaki ba mai sa su daban.

Masu ta'aziyya sun cika zaure har bakin titi. Wani tsoho da suka yi karatun allo tare ya zauna yana girgiza kai yana cewa, "Mai wayar iska ya tahi." Wata mata da ban taɓa gani ba ta shigo cikin gida, ta riƙe hannun matar Kawu, ta ce ta bakin Kawu ta ji cewa ɗiyarta ta sauka lafiya a ƙauye, lokacin da waya ba ta aiki. Surukinsa, mijin babbar ɗiyarsa, wanda suka yi wata guda ba sa ga maciji da juna, shi ya fi kowa kuka, har liman ya tsawata masa.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Tun ina yayayya aka kawo ni gidansa riƙo, shi ya sa ni makaranta, shi ya kai ni koyon aikin jinya. Mahaifiyata, Inna, tana aure a wani ƙauye gaba da Turba, can ƙasar Isa. Ni ce ta fari gare ta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ɗiyar Yaya" take ce mini har yau.

Washegari da hantsi, muna zaune a tsakar gida ana amsa gaisuwa, sai muka ji ƙara daga ɗakinsa. Ƙirrr, kamar an taka wutsiyar gyare, ta ɗan ja ta tsaya. Matan da ke kusa da ƙofa suka zabura. Matar Kawu ta rufe fuska da mayafi ta ce a hankali, "Abin nashi na." Na tashi na shiga. Tsohuwar kwamfutarsa na kunne a kan tebur, oba-oba, rediyon magana irin na masu gadi, na gefenta da jar fitilarta, ga abin da injin ya aika rubuce a fuskar kwamfutar: Gida lahiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙon nan ya riga ya bi iska ya tafi ƙauyen Inna. Ɗan'uwanta guda da ya rage mata a duniya yana cikin ƙasa tun jiya, injinsa kuwa ya gaya mata lafiya lau. Na zauna a kujerarsa.

Sai na koma baya, don wanda bai san Kawu ba ya san yadda aka yi tsoho mai furfura ya ajiye irin wannan abu a ɗakinsa.

A ƙuruciyarsa ya yi aikin gyaran layi a gidan waya, daga baya ya kafa rumfar gyaran rediyo a kasuwa. Mutum ne da ba ya yar da komai. Mataccen rediyo gare shi rumbu ne, sai ya kwance shi ya jera kayan cikinsa a gwangwanayen madara. Tabaransa ƙafa guda ta karye tun ina firamare, ya ɗaure da zaren lilo, kuma da shi ya rasu. In ka ce ya sayi sabo sai ya dube ka ta saman gilashin ya ce, "Abin da talaka ba ya iya gyarawa, ba nashi ba na, aro aka ba shi."

Da 'yan bindiga suka tsananta, hanyar da ke tsakaninmu da Isa ta zama sai an yi shahada. Sannan aka katse layin waya gaba ɗaya a yankinmu. Masu ƙarfin ƙafa suna hawa tudu su kamo sabis na Nijar, su yi magana a tsaye kamar masu kiran sallah. Ƙauyen su Inna kuwa ko wannan ba ya kaiwa. Muka yi makonni ba mu san ko tana raye ba. Kawu ya rame. Da safe sai ya tsaya ƙofar gida yana tare duk mai babur da ya fito daga wajen Isa, yana tambaya.

Rannan ya bi 'yan kasuwa zuwa Maraɗi. Ya dawo da buhu guda, ya zazzage a tabarma: tsofaffin oba-oba irin na masu gadi, kwamfutoci biyu da allonsu ya tsage, da ƙullin wayar tagulla. Ashe can ya sami wani dattijo mai sha'awar rediyo, suka haɗa Hausa da Faransanci da nuni da hannu, mutumin ya zuba masa wata manhaja kyauta ya nuna masa yadda ake yi. Na dubi tarkacen na ce, "Kawu, bola ka kwaso muna daga wata ƙasa?" Ya ce, "Ke dai riƙe mini wagga waya, bakinki ya huta."

Na riƙe. Ya narka dalma, ya haɗa ramin da ake sa abin kunne na kwamfuta da na oba-oba, ya sa wasu ƙananan abubuwa da ya ciro daga gwangwanin madara a tsakani don kada wutar ɗaya ta ƙone ɗaya. Eriya kuwa da wayar tagulla da bututun ruwa ya yi ta, ya ɗaure a kan gora biyu da aka haɗa, aka kafa a bayan ɗakinsa. Batirin mota da faifan sola guda suka ɗauki sauran aikin.

Na tambaye shi me ya hana a yi magana da baki kawai, tunda oba-oba ce. Ya ce murya ba ta kai nisan nan da kyau, tana isa a daddatse, a ji rabi a ƙara rabi, kuma sai mutum na zaune a lokacin. Rubutu kuwa injin yanka shi yake yi ƙanana, kamar mai ƙulla gishiri, kowane ƙulli da lambar mai aikawa da ta mai karɓa. Sai ya mai da ƙullin ƙara, ya jefa a iska. Na can in ya karɓa cikakke ya ce na karɓa. In bai ce ba, na nan ya sake jefawa, ba ya gajiya, ba ya fushi. "Ya fi ki haƙuri," in ji shi.

Ɗaya kwamfutar ya kai wa amininsa, wani dattijo mai kemis da katangarsa ke haɗe da ta gidan su Inna. Tsakanin garuruwan akwai nisa, don haka ya haɗa wani ɗan akwati mai nasa faifan sola, ya sa aka ɗaure shi a kan wata doguwar giginya a gidan danginmu na Gatawa. Aikinsa ya karɓi ƙulli ya miƙa gaba. Kawu ya sa masa suna Ɗan Aike, kuma yana tambayar lafiyarsa kamar mutum.

Ba a bar shi ya sha ruwa da sanyi ba. A garin da 'yan bindiga ke yawo da oba-oba, tsoho ya kafa gora a bayan ɗaki, ai dole a yi magana. Aka fara raɗe-raɗin wa yake yi wa aiki. Shi kuwa tun kafin ya kunna, ya ja amininsa sun bi hanyar hukuma sun nemo lasisi. Ya sa babbar riga, ya tafi wajen hakimi da jami'an tsaro, ya gayyato su har ɗaki. Ya nuna musu cewa duk abin da ya aika a buɗe yake, duk mai irin injin zai karanta. Suka duba saƙonnin da ya tara. Babbansu ya karanta, ya karanta, ya ɗago ya ce, "Baba, duk wannan wahala don ka tambayi lafiyar akuya?"

To, a nan ne muka fi samun saɓani da shi, ni da Kawu. Gaisuwa.

Kowace safiya da hantsi Inna takan zo ta zauna jikin katangar mai kemis, ta ciki, inda tagar shagon ke kallon tsakar gidansu. Ba ta karanta boko, shi ke karanta mata ta taga, ta ba da amsa ya rubuta. Kawu kuwa da yatsa guda yake bugawa, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ina kwana. Ya aika, ya jira. Ina gajiya. Ya jira. Ina ruwa. Yaya ƙafar taki. Yaya mai gidan. Yaya yara. Jar akuyar ta haihu? Kowace tambaya da ƙararta, kowace da amsarta. Ni kuwa ina tsaye da kayan aiki a jikina, ina so in tambayi mai kemis ko allurar da muka rasa tana wajensa, ga hadari ya rufe rana batir na ja baya.

"Kawu, don Allah ka haɗa su duka a layi guda. Ko ka ce kowa lahiya, a wuce wurin."

"In kin shiga gidan mutane haka kika yi? Ki tsaya bakin ƙofa ki jefa musu kowa lahiya?"

"Ai wannan ba gida ba ne, inji ne."

"Can ƙarshen injin wa az zaune? Ba uwarki ba?" Ya gyara tabarau. "Gaisuwa ita ka shimfiɗa wa labari tabarma. Labarin da bai samu tabarma ba, bisa mutum yake zama."

Na ce a raina tsoho dai da rigima. Rannan batir ya mutu muna kan akuya, na tafi aiki ina ƙunƙuni, shi kuwa ko a jikinsa.

Da surukinsa abin ya fi zafi. Shi ɗan kasuwa ne, yana kai wake da gero Nijar. Ya ga hanya ta samu, ya zo ya durƙusa ya ce a riƙa tambayo masa farashin kasuwar Bafarawa kafin ya ɗaura kaya. Kawu ya ce lasisinsa bai yarda da ciniki ba, kuma ranar da aka ji farashi na bin gorar nan, ranar za a sauke ta. Suruki ya ce ai ba wanda zai sani. Kawu ya ce, "Ni na sani." Wata guda mutumin bai tako gidan ba. Da matarsa ta tashi haihuwa a can garin iyayensa, kusa da ƙauyen su Inna, da ƙafarsa ya dawo, ya zauna a ƙasa kusa da teburin yana jiran ƙara. Kawu bai tuna masa komai ba, shayi ma ya sa aka kawo masa.

Haka ɗakin ya zama. Mata su zo da safe a tambayo musu ɗiyansu. An haihu, an yi suna, zazzaɓi ya sauka, an samu ruwa. Bai taɓa karɓar ko goro ba.

Abu guda ne ya hana bi ta injinsa, shi ne mutuwa. Farkon kafawa bai hana ba. Wani dattijo ya rasu a unguwarmu, ɗansa magidanci yana ƙauyen su Inna, Kawu ya aika. Mutumin na jin saƙon ya hau babur da yamma, shi kaɗai, ba wanda ya iya riƙe shi. Aka tare shi a hanya. Ya dawo da rai daga baya, amma sai da gonar gidansu ta tafi wajen biyan kuɗin fansa, kuma har yau ba ya miƙa hannun dama. Kawu ya daina cin abinci sosai na kwanaki. Ya ce da mutum aka aika, da ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, ya riƙe makullin babur har gari ya waye. "Inji ba shi da hannun da zai dafa kafaɗa. Mutuwa da baki aka faɗinta, ido cikin ido." Daga ranar, ko wa ya rasu sai a jira ranar kasuwa, a ba mutum saƙon.

Saƙon da ke tashi da kansa kuwa Inna ce sanadinsa. Wata safiya zazzaɓi ya kwantar da shi, hantsi ya wuce ba ta ji ƙara ba. Kafin azahar ta ɗaure ƙunshinta ta ce an shiga Sabon Birni, za ta je ta gani da idonta. Da ƙyar mai kemis da mai gidanta suka tare ta. Da Kawu ya ji, sai ya saita injin ya riƙa faɗin gida lahiya lau da kansa kowane hantsi, ko yana nan ko ba ya nan, sannan shi ya biyo da gaisuwarsa.

Ga inda ya bar mu ke nan. In na kashe, Inna za ta ji shiru ta kama hanya cikin geron nan da 'yan bindiga ke laɓewa a ciki. In na rubuta mata gaskiya, na karya dokarsa a ɗakinsa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma nan ma hanyar za ta kama. In na bari, ƙarya za ta ci gaba da tashi daga gidanmu da sunan mutumin da bai yi wa ƙanwarsa ƙarya ba. Motocin kasuwa da ke tafiya a jere da rakiya sai jibi. Suruki ya leƙo ya ce a rubuta kawai, ai lalura ce. Matar Kawu ta ce, "Ban iya komai a abin nan ba, amma na san abin da ya ce."

Muna cikin haka injin ya yi ƙara. Mai kemis ne. Alhaji, lahiya? Ba mu ji gaisuwa ba.

Na jawo kwamfutar gabana. Sannan na rubuta masa: Ɗiyarshi ta. Za ni zo ranar kasuwa. A riƙe mini Inna.

Amsar ta jima ba ta zo ba. Da ta zo, layi guda ce: Allah ya kawo ki lahiya. Dattijo ne, bai ƙara tambaya ba.

Safiyar da ta biyo baya, da hantsi ya kusa, na fita bayan gida don kada in ji. Duk da haka na ji. Wallahi ban taɓa ƙin wata ƙara kamar wannan ba, kuma ban taɓa son a bar mini wata ƙara kamar ita ba, don ita kaɗai ta rage tana magana da bakinsa.

Ranar kasuwa na shiga mota. Ba mai magana a ciki, kowa idonsa a kan gero. Mun wuce Gatawa na hango giginyar, da ɗan akwatin a maƙale yana aikinsa, ba wanda ya gaya masa shi ma. Daga Isa na hau babur. Duk hanya ina shirya maganar da za ni faɗa, ina isa ƙofar gidan ta watse.

Tun daga zaure na ji daka. Na shiga na tarar da Inna tsaye a kan turmi da wata maƙwabciya, ga jiƙaƙƙen gero a ƙwarya, ga dunƙulen gumba jere a faifai, irin wadda ake rabawa sadakar uku. Ta dube ni sau ɗaya. Ta jingine taɓarya, ta wanke hannu, ta shimfiɗa tabarma a jikin katangar nan, ƙarƙashin tagar mai kemis. Ta kawo ruwa ta zauna.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Inna, ina wuni."

"Lahiya lau."

"Ina gajiya."

"Ba gajiya."

"Ina ruwa."

"Ruwa ya yi gyara."

"Yaya ƙafar taki?"

"Da sauƙi."

Na tambayi mai gidan. Na tambayi yara. Ina yi ina jin tsarin na zuwa mini yadda yake bugawa, ɗaya bayan ɗaya, ban san na haddace ba. Ita kuma tana amsawa a natse, idonta a kan tabarma. Na ce, "Jar akuyar fa?" Ta ce, "Ta haihu shekaranjiya. Biyu. Na zo nan in gaya mashi."

Gaisuwa ta ƙare, ba sauran abin da za ni laɓe a bayansa.

Ta ce, "Ni ban iya karatu ba, ɗiyar Yaya, amma ina da kunne. Ƙarar injin guda ta, gajera, kullum iri ɗaya. Shi kuwa sai ya yi, ya tsaya neman harafi, ya sake. Kwana uku guda ɗaya nika ji, sannan shiru. Maƙwabcina kuma ya daina dubana ta taga." Ta gyara zama ta fuskance ni. "Na jiƙa gero, amma ban yi kuka ba. Shi yac ce da baki aka faɗi. Tau, kin gama gaisuwa tashi. Faɗa mini."

Na kama hannunta na ce, "Inna, Kawu ya rasu."

Sai a lokacin ta yi salati, ta kifa kanta a kafaɗata, macen da kunya ba ta taɓa barinta ta rungume ni ba. Ta bayan taga na ji tsoho mai kemis yana sheshsheka.

Da ta natsa na ba ta haƙuri a kan saƙon da muka bari yana zuwa mata. Na ce ina komawa za ni kashe shi, in nemi lasisi da sunana, in riƙa gaishe ta da hannuna. Ta ce in nema, kuma in na zauna kada in yi mata gaggawar nan tawa. Sannan ta share ido da bakin zane ta ce, "Amma wancan ki bar shi ya ƙara kwana kaɗan. Lahiya lau yaka cewa, alhamdu lillahi. In na ji sai in ce amin."

Na bar shi har aka yi arba'in. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa can ma gida lahiya lau. Yanzu ni ke zama a kujerarsa da hantsi, tabaransa na nan gefen oba-oba da zarensa. Ina iya bugawa da yatsu goma, amma da guda nake yi, ina tsayawa tsakanin tambaya da tambaya, don tana can jikin katanga tana saurare.